Jarkar da Ta Fashe Kafin Magariba

Malam Tanimu, tun da ka zauna kake maganar motar da ta tashi ta bar ka a tasha, kamar a kanka aka fara rasa mota. Sha ruwa tukuna, in ba ka wani misali.

Wani mutum ne a wata unguwa, ɗan kwamitin masallaci, mai tsanani a kan abin sha. In ya ga kwalba a hannun matashi sai ya karɓa ya karanta takardar jikinta, har ƙananan rubutun. Da ya yi ritaya sai ya koyi sana'ar da ba wanda ya roƙe shi, wato haɗa lemon 'ya'yan itace a gida. Ya sayi injin markaɗe da kofuna masu dogon wuya. Yakan haɗa abarba da mangwaro da citta da kanumfari, ya matsa lemun tsami, ya saƙala yankin kankana a bakin kofi. Iyalinsa suna sha suna yabawa, tunda shi ke cefane. Da azumi ya kama a tsakiyar zafi, ya miƙe a gaban jama'a ya ce buɗa-bakin ranar Juma'a nasa ne, kuma liman da dattawa za su sha abin da ba su taɓa sha ba. Saura ƙiris ya cika wannan alkawari fiye da yadda ya nufa.

Don kada aiki ya cakuɗe masa, tun farkon mako ya yi haɗin. Mutum ne mai tsoron almubazzaranci, saboda haka ko ɓawon abarbar bai zubar ba, ciki ya jefa shi. Ya zuba sukari hannu sake, ya ɗura a jarka, ya ɗaure murfi tam saboda ƙuda, ya sa a firji. A makon nan kuwa wutar lantarki ta yi irin tafiyar da ta saba, firjin ya koma akwati mai ɗumi. Da rana ba damar ɗanɗanawa, yana azumi. In an sha ruwa kuma ga dokar da ya kafa: na baƙi ne, ba mai buɗewa, har shi kansa. Matarsa ta ce masa jarkar nan fa tana ƙiba. Ya ce albarka ce.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya fito da ita ta yi tumbi, ya ɗaure ta a bayan babur. Bai kai zaure ba murfin ya tashi da ƙara ya haye katanga. Abin ya yi tsiri sama, ya wanke masa babbar riga, sauran ya malale a tsakar gida yana kumfa. Ya ji wani tsami-tsami a hanci, amma wanda bai taɓa bi ta ƙofar mashaya ba ba shi da abin kwatance, sai ya ɗauka citta ce ta yi ƙarfi. Ya zauna a bakin baranda ya riƙe kai. An hana shi lada, ga kunya a gaban liman, kuma a ganinsa bakin mutane ne. Matarsa kuwa ta tashi. Ta jiƙa tsamiya, ta tace, ta jefa ƙanƙarar da ta saya a maƙwabta. Da ita aka sha ruwa a masallaci, tsamiya da dabino. Liman ya yi addu'a, ba wanda ya tambayi abarba. Mai alkawarin ne kaɗai ya sha nasa kamar maganin zazzaɓi.

Bayan magariba maƙwabcinsa ya rako shi gida, wani tsohon direban babbar mota da ya daɗe da tuba, yanzu ma shi ke kiran sallar asuba. A tsakar gida suka tarar agwagin matar sun yi nasu buɗa-bakin da abin da ya zube. Ɗaya tana tafiya a karkace, ɗaya ta jingina da turmi tana kallon sama, namijin kuma ya sa zakara a gaba yana neman faɗa. Direban ya tsaya, ya shaƙi iska, ya rage murya.

"Alhaji, wannan ƙamshin na san shi. Mun daɗe da rabuwa, amma ban manta shi ba."

"Citta ce," in ji mai gida.

"To, Allah ya sa. Amma a garuruwan da na sani, irin cittar nan bayan labule ake sayar da ita."

Mutumin ya dubi agwagwar da ke jingine da turmi. Sai ya tuna liman, dattijo, cikinsa ba komai tun asuba. Ya tuna babban kofin da ya ware masa, da sallar asham da zai ja bayan nan, da sunan wanda za a ce ya kawo. Ya koma bakin barandar da ya zauna ɗazu yana kuka da ƙaddara, wannan karon yana ta jero alhamdu lillahi, har matarsa ta leƙo ta ga ko shi ma ya lasa. Direban ya yi alkawarin riƙe bakinsa, kuma ya riƙe, in ka cire ni da wasu 'yan tsiraru.

Har yau mutumin yana haɗa lemonsa, sai dai ranar da za a sha ranar yake yi, ɓawon abarba kuwa rabon awaki ne. Agwagin sun warware da safe.

Ban ce da wani mugun abu a motar da ta bar ka ba, Malam Tanimu. Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Shi wancan ya yi sa'a an nuna masa agwagi, yawancinmu ba a nuna mana komai. Amma dai Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, wani hani ga Allah baiwa ne.