Gonar Kuɓewar Alhaji Djibrilla

Alhaji Djibrilla ya kafa allon sayarwa a bakin gonarsa da hannunsa, ya tokare shi da dutse don ƙasar ta yi tauri. Sannan ya zauna a kan bokiti yana maida numfashi.

Shi ne na farko cikin mutanen Nijar da ya sayi ƙasa a garin Greensboro na Amurka. Shekarar ta ɓace mini, amma lokacin a falon wani muke sallar Juma'a. Filin yana gabas da gari, inda kwalta ta ƙare itatuwa suka fara. Ya sare dajin kamar yadda kakansa ya sari daji a arewacin Dakoro, ya shuka kuɓewa da yakuwa da tattasai. Duk gidan ɗan Nijar da ke High Point Road ya ci miyar gonar nan.

A garinsu, in mutum ya biya kuɗin gona gaban shaidu aka shafa fatiha, magana ta ƙare. Lanho, wato haraji, a kan mutum ake ɗora shi, jangali a kan saniya. Bai taɓa jin an ce gona ta biya ba. Saboda haka da takardu suka fara zuwa daga ofishin haraji, 'yarsa Chamsiya ta karanta ta ce masa duk shekara ake biya, sai ya ce ai shi ya biya sau ɗaya kuma ya isa. Da ta yi aure ta koma Ohio, aka rasa mai karantawa. Daga baya takardun suka daina zuwa. Yakan faɗa a masallaci, yana dariya, cewa gwamnati ta gaji ta ƙyale shi.

Waɗanda suka sayi filaye bayansa sun yi ta sayarwa ɗaya bayan ɗaya, haraji ya ci ƙarfinsu. Shi kaɗai ya rage.

Sai ga shekarar da komai ya tsaya, dubu biyu da tara nake jin. Shagonsa ya rufe. Ciwon ƙoda ya kwantar da matarsa, Hajiya Kouloussoum, kuma likitoci suka daina yi mata alkawari. Abu ɗaya ta roƙa: a maida ta Dakoro ta ga 'yan'uwanta tun idonta na gani. Kuɗin jirgi, kuɗin magani, kuɗin zama a can, duk babu. Gonar ce kawai.

Wani Bature mai akori-kura ya zo, ya zaga filin, ya yaba, ya ce zai leƙa ofishin gunduma ya dawo. Bai dawo ba. Dakta Isiyaku, malamin jami'a ɗan Kano, shi ma ya zo ya faɗi haka. Bayan nan in sun haɗu a masallaci sai ya gaishe shi da sauri ya kau da kai. Alhaji ya ce kasuwa ce ta mutu. Kullum ya koma gida Hajiya takan dubi fuskarsa, ba ta tambaya.

Rannan Tahirou ya same shi a gonar. Tahirou a falon Alhaji ya kwana lokacin da ya sauka ƙasar nan yana saurayi, har ya sami gindin zama. Ya taɓa mallakar tasi tasa ta kansa. 'Yan shekarun baya ya sayar da ita bai gaya wa kowa dalili ba, ya koma ɗaukar kwalaye a wani sito. Ya rame, furfura ta fito masa da wuri.

“Baba Alhaji, gonar nake so.”

“Kai? Da me?”

Ya ce ya ɗauki adashi, matarsa Hamsatou kuma ta sayar da zinarinta. Suka zauna ciniki a inuwa. Tahirou ya kushe wurin, ya ce duwatsu sun yi yawa, hanya ta yi nisa, ruwa na kwanciya a kusurwar kudu. Alhaji ya tashi tsaye ya kira shi mara kunya, ya tuna masa tuwon da ya ci a gidansa. Tahirou ya ƙara kaɗan. Alhaji ya rage kaɗan. An daɗe ba a ga jini a fuskar tsohon kamar ranar ba.

Da suka daidaita, Alhaji ya ce to a nemi lauya, tunda ƙasar takarda ce. Tahirou ya ce lauya kuɗi zai ci, a yi irin na gida. Aka kira shaidu biyu, Zabeirou mai gyaran mota da Dakta Isiyaku, wanda shi ya nemi a sa shi. Suka taka iyakar gonar daga itace zuwa itace, aka miƙa kuɗi, aka shafa fatiha. Dakta ya riƙe hannun Tahirou ya daɗe bai sake ba.

Magana ta zaga gari. Aka ce yaron da aka ciyar ya jira tsoho ya shiga matsi sannan ya taya gonarsa da arha. Wasu suka daina amsa masa sallama da kyau.

Tahirou ne ya kai su filin jirgi a motar aro. Alhaji yana tura keken Hajiya, kansa a sama, yana gaya wa duk wanda ya zo rakiya cewa da kuɗin guminsa zai kai matarsa gida, bai roƙi kowa ba.

A hanyar komawa Tahirou yana tuƙi, Hamsatou tana gefensa. Tana shafa wuyanta inda sarƙa take a da. Sai da fitilar hanya ta tsayar da su ta juyo.

“Baban Suhaila, yanzu dai ta zama taka ko?”

“In sha Allahu.”

“To Allah ya sa ka gama saye. Tasinka ta tafi ranar da masu haraji suka yi gwanjon gonar a ƙofar kotu, ka saye ta a ɓoye aka rubuta sunanka a ofishin gunduma, zinarina ya tafi yanzu. Ba mu da abin sayen gonar nan karo na uku.”