Ƙudajen da Ya Sa wa Sunana

"Na goge ki," in ji tsohon mijina, ya dangwarar da mujalla a kan teburina.

Masanin ƙwari ne. Muna cikin soyayya ya gano wani dangin ƙudaje masu saka ƙwai a jikin tsutsa, 'ya'yan su cinye ta da ranta. Ya sa musu sunana, wai kyautar aure. Ni kuma sakarya har da kukan daɗi.

Tun da ya sake ni sunan nan yake ci masa rai. Sai wani ya fara aiko masa da ƙudaje a kwalabe. Da su ya tabbatar wa duniya dangin nawa ɗaya ne da wanda malaminsa ya sa wa sunan shi tsohon mijin nawa.

Na ce, "Ka dai san dokarku. In aka haɗa dangi biyu, sunan da aka fara bugawa shi ke zama."

"Nawa ne. Malam ya riga ni rubutawa."

"Rubutawa kam. Wa ya je ya roƙi mai mujalla ya ajiye na Malam, nawa ya fito kafin ɗaurin aure?"

Ya ɗauki mujallarsa, ya nufi ƙofa.

"Naka ka goge, Farfesa, da hannunka. Daga yau duk sunana za su amsa."

Sai da ya kai ƙofa ya juyo. "Kwalaben nan, wa ya aiko su?"

Na ce, "Sun yi wuyar kamawa. Ja min ƙofar."