Gudu Dubu Takwas

Wata uku ke nan likitan ido da malamin tuƙi suna musu a kan wata furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da ba ta ma fito kasuwa ba. Su biyu ne manyan ƙungiyar masu harhaɗa kwamfuta a unguwarsu. Likita ya riga ya sayi RAM, ma'ajiyar da ke miƙa wa furosesa bayanai, mai gudu dubu takwas, ya ce sabuwar furosesar za ta ɗauke ta ba ko tari. Malamin tuƙi ya ce ƙarya ne, duk abin da ya wuce dubu shida sai kwamfutar ta sume. Har suka yi alkawari a gaban jama'a: wanda ya sha kaye zai sauka daga shugabancin zauren ƙungiyar na waya, kuma wata guda ba zai tofa albarkacin bakinsa ba. Ga waɗannan mutane biyu, gara bulala.

Sai ga sa'a. Ƙanin matar likita yana aiki a kantin da aka kawo wa furosesar ta gwaji, ya amince ya ara masa ta yini ɗaya. Likita ya gayyaci kowa ƙarfe huɗu ranar Asabar.

Tun safe yake ɗakin karatunsa yana ɗaure-ɗauren sabuwar kwamfuta. Ya kwafe duk abin da ke cikin tsohuwar kwamfutarsa zuwa sabuwar, ya tura tsohuwar ƙarƙashin tebur da ƙafa. Dama matarsa ta daɗe tana cewa a ba ƙanwarta ita, kuma shekara biyar ba ya kashe kwamfutar, barci kawai take yi. Yana kan ɗaura fanka ta ƙarshe ya ji sallama. Ya zura hannu bayan tebur, inda wayoyi suka cukurkuɗe kamar gashin da ya shekara bai ga mataji ba, ya jawo wadda ya ɗauka ta allo ce, ta yi daidai da ramin sabuwar, ya soka.

Mutum tara suka cika ɗakin. Likita ya danna maɓalli. Fankoki suka juya, fitilu ja da shuɗi suka haska cikin akwatin gilashi. Ya ɗan girgiza maus, linzamin kwamfuta, nan take allo ya kawo.

Wani tela da ke riƙe da agogo ya rantse daƙiƙa biyu ba ta cika ba.

Malamin tuƙi ya ce a ba shi kujera. Ya buɗe shafi ashirin a lokaci guda, ya kunna wasan tseren mota, ya zuba ido yana jiran ta sume. Ba ta sume ba. Wani ya ce a duba alƙaluman gwaji, likita ya ɗaga hannu ya ce alƙaluma na masu shakka ne, shi sana'arsa ido ce, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Daga nan yabo ya ɓarke. Tela ya ce ko launin ya fi fitowa. Wani ma'aikacin banki ya ce shi a yatsunsa yake jin dubu takwas ɗin. Aka koma kan tsohuwar, likita ya ce kunkuru ya fi ta sauri, ya ce bai san yadda ya haƙura da ita duk shekarun nan ba. Waɗanda suka taɓa amfani da ita suka ba da shaida.

Malamin tuƙi ya share gumi ya miƙe.

"Likita, na sallama. Wannan gudun ba na dubu shida ba ne, na san gudu in na gan shi."

Ya ciro waya ya sauke kansa daga shugabanci a gaban kowa. Likita ya dafa kafaɗarsa ya ce ilimi kogi ne, kada ya damu, wata guda kamar gobe ne.

Ana cikin haka matar likita ta leƙo ta gaida baƙi. Ta ce ƙanwarta na waje da mota, ta zo ɗaukar wadda aka yi mata alkawari.

"Ɗauke ta, don Allah," in ji likita. "Ki ce mata ta yi haƙuri da ita."

Matar ta durƙusa, ta laluba ƙarƙashin tebur, ta zare wayar wutar tsohuwar daga soket. Allo ya yi baƙi ƙirin a tsakiyar tseren mota. Sabuwar kuwa tana nan bisa tebur, fankokinta na juyawa, fitilunta na walƙiya, wayar da likita ya soka mata tana lilo a bayan tebur, ɗaya bakin nata bai shiga ko'ina ba. Wayar allo da ta maus kuwa suna nan jone da tsohuwar.