Ɗoɗɗoyar da Aka Kai Ɗaki

Kai da kake cewa duk abin da ya kwana biyu ya tashi aiki, gyara zama ka ji. A wani gari na kan tsauni, inda sanyin hunturu ke sa mutum ya tsaya shawara da butar alwala, an yi wata mata da ta yi suna wajen farfesun kaza. Sirrinta ɗoɗɗoya, ganyen nan mai ƙamshi, kuma ita ɗanya shar take so, a tsinko yanzu a jefa a tukunya. Maƙwabciyarta kuwa tsohuwa ce, duk ƙarshen damina sai ta yanke tata ɗoɗɗoyar, ta shanya a inuwa, ta murtsuke, ta ɗura a ƙaramin tulu ta toshe bakin da tsumma. Mai farfesu in ta leƙo ta katanga ta gani sai ta tuntsire da dariya, ta ce Iya na tara wa awaki abincin rani. Tsohuwa kuwa sai dai ta ci gaba da murza ganyenta.

Wata shekara 'yar mai farfesu ta fari ta zo gida goyon ciki, haihuwa kuma a tsakiyar sanyi za ta faɗo. Uwar ko sunan yarinyar ba ta kira don kunya, amma tana so duniya ta san daga gidan da ta fito. Sai baki ya ja mata. Ta aika wa dangin mijin 'yar cewa ranar suna za su sha farfesu da ɗanyar ɗoɗɗoya, a lokacin da sanyi ke ƙone kowace shuka a bayan gida. Ta cire dashe ta zuba a fasassun tukwane da tsofaffin gwangwanaye, ta kwashe su kaf zuwa ɗaki, har maigida ya rasa inda zai ajiye takalmi, ya koma shiga a karkace. To, a nan gata ya yi yawa. Ta rufe taga ruf kada iska ta taɓa su, ta cusa tsumma a kowace kafa, ta ajiye musu kaskon wuta kamar masu jego. Da safe ruwan ɗumi, da rana ruwan ɗumi, da yamma ta ƙara. Ita shuka haske take nema, kuma tana so ƙasarta ta sha iska kafin a sake ba ta ruwa. Sai suka yi ta miƙewa zalo-zalo suna neman rana, ganye ya ɗashe, gindi ya fara wari. Mai farfesu kuma ganin sun rame sai ta ƙara musu ruwa. Gwangwani ɗaya ne ya tsira, wanda ya rasa wuri a ɗaki aka bar shi a bakin tagar madafa, hantsi na dukansa, ba ta tunawa da shi sai in ta zo ɗauraye hannu. Shi ne ya yi gajere ya cika da ganye, amma duka-duka bai wuce cikin tafi ba.

Ranar suna ta zo. An yanka kaji, baƙi sun cika tabarmi, ga manyan tukwane a kan murhu, ga mai farfesu tsaye da ɗan ganye a tafin hannu wanda ko ƙaramar tukunya ba zai ratsa ba. Ta san in farfesun nan ya fita salam, 'yarta ce za ta yi ta shan gori a gidan miji. Sai ta ja mayafi, ta zaga gidan tsohuwa, ta durƙusa ta ce, “Iya, akuyar ce ta zo cin abincin ranin.” Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye, ta ɗauko tulun ta biyo ta. Da aka zare tsumman nan sai ƙamshin damina ya buge madafa. Ta barbaɗa busasshen tun nama bai nuna ba, kaɗan-kaɗan, domin ruwan ganyen ne ya tafi, ƙarfinsa yana nan, kuma sai ya daɗe a wuta yake saki. Ɗanyen kuwa ta hana a taɓa shi sai da aka sauke tukwane, sannan aka yayyanka aka watsa a sama.

Aka kai wa baƙi. Hira ta ɗauke ɗif, ba ka jin komai sai ƙarar cokali da tsotsar ƙashi. Uwar mijin yarinyar ta suɗe kwano, ta tambaya a ina aka samo ɗanyen ganye a wannan sanyi. Mai farfesu, da farin ciki ya cika ta, ta ce abin da suka gani a sama taga ce ta bayar, amma abin da suka ji a harshe daga tulun Iya ya fito. Da damina ta sake ƙarewa, aka ga tabarma biyu shimfiɗe a inuwa ana shanyar ganye, gwangwanaye sun jeru a bakin taga suna shan hantsi, maigida kuma ya samu wurin takalminsa.

Saboda haka in ka samu sabo ka yi murna da shi, amma kada ka yi wa tulun da ke lungu dariya. Masu iya magana sun riga mu faɗa: da tsohuwar zuma ake magani.