Ranar da Kaka Ya Latsa Ni Kamar Rago

Ina yaro a Jigwada, jikina ya isa a raba shi a fitar da yara biyu har da ragowa. 'Yan ajinmu suka sa mini suna Randa. Sai na daina cin abinci, na koma shan lemun tsami, wai yana narkar da kitse. Ƙarfina kawai ya narke, ko a sahun sallah sai jiri ya ɗebe ni.

Wata rana bayan la'asar, kakana, tsohon mahauci, ya shigo zaure da kwanon sakwararsa. Ya tarar na ture nawa gefe, ina tsotsar lemo, fuska a yamutse. Na faɗa masa dalili. Bai yi dariya ba. Ya latsa damtsena, ya latsa cinyata, ya dafa gadon bayana kamar mai tayin rago.

"Kai ja'iri, wa ya ce maka duk kitse ne? Tsoka ce wannan a kan ƙashi mai kauri. Kitsen ma da aikinsa. Naman da babu shi, ko kyauta ba a karɓa."

"Kaka, Randa fa suke ce mini."

"To su butocin, ina suke zuwa ɗiban ruwa?"

Na jawo kwanona. Wallahi har unguwar Liman Abaji an ji ƙarar lomata. Har yau in na tuna nauyin hannunsa a bayana, sai in ji na ƙara tsawo.

Da na suɗe nawa, na ɗago na kalli nasa. Tsohon ya rungume kwanonsa yana ihu, "Jama'a, ku zo ku cece ni!"