Binne

"Babu gurbi," in ji manajan kamfanin iri da ke Dawanau, yana miƙo wa 'yata takardunta na difloma.

"Na sani, yallaɓai," in ji ta. "Ajiya na kawo."

A gabana aka yi, don ni na kai ta a babur. Tun daga ranar ba ta bari sun manta da ita ba. Takan kira manajan ta gaishe shi, ba ta taɓa cewa "ya maganata?" ba. In tsutsa ta faɗa wa masarar ƙauyenmu, sai ta tura masa hoto. In manomi ya koka cewa irinsu bai tsira ba, ita ke kai musu labari.

Damina ta wuce, rani ya wuce. A majalisa aka fara yi min shaƙiyanci: "Malam, aikin lada ɗiyarka take wa kamfani?"

Na dawo gida a fusace. "Ke, wane mai hankali ne ke shuka a busasshiyar ƙasa?"



Bayan ruwan farko manajan ya kira da kansa. Za su buɗe reshe a Zakirai, kuma ba su san wanda manoma suka yarda da shi kamarta ba.

A gona ta kawo min albishir. Geron da na binne tun kafin hadari ya haɗu ya tsiro, layi-layi, kore shar.

Ta dube shi, ta dube ni.

"Baba, wane mai hankali ne ya yi wannan?"