Ma'aikata: Ɗaya

Katafila ta ɗage rufin garejin Ambrose kamar murfin tukunya. Shekara ashirin da biyu yana gyaran motoci a wannan layi na Makera, yau ga ma'aikatansa tara tsaye cirko-cirko.

Can ya hango Madam Jessica, jami'ar da ta zagaya da takardar tambayoyi watannin baya. Ya tare ta.

"Madam, gida tara ke cin abinci a nan. Don me aka bar masu walda aka rushe makanikai?"

"An duba sana'ar da ke amfanar gari ne, Oga Ambrose. Wadda ba ta tsinana komai, filinta aka ba masu gina kantuna."

Ta zaro takardarsa. Ma'aikata: ɗaya. Ciniki: babu. Ga sa hannunsa a ƙasa.

"Sau biyu na tambaye ka," in ji ta.

Ya tuna ranar. Ya ɗauka 'yan haraji ne, ya ɓoye ma'aikatansa, ya bi layin yana cewa kowa ya yi kukan talauci.

Ya waiwaya. Maƙwabtansa goma sha ɗaya na tsintar sifana cikin ɓaraguzai. Babu wanda bai bi shawararsa ba.